Kusheyin Durɓi da Amanar Ƙasar da Muke Nomawa

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa ƙasar Katsina ne, inda da yawa daga cikin iyayenmu da kakanninmu suka taso kafin fatauci ko noma ko almajirci ya kawo su Kontagora. Za mu yi magana a kan wasu tsofaffin kaburbura da ake kira Durɓi ta Kusheyi, da yadda aka tone su har sau biyu, da abin da aka samu da kuma abin da aka rasa. Daga nan sai mu dawo nan inda muke zaune, domin akwai irin wannan amana a ƙarƙashin gonakin da muke nomawa, ko mun lura ko ba mu lura ba.

Ina ne Durɓi ta Kusheyi?

Wurin yana cikin ƙasar Mani, tsakanin Katsina da Daura, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina. Wanda ya je can abin da zai gani shi ne waɗansu tuddai na ƙasa, aƙalla guda 8, manya da ƙanana, a tsakiyar gonaki. Baƙo zai ɗauka haka Allah Ya halicce su, alhali kuwa hannun ɗan'adam ne ya tara su. Kowane tudu kabari ne na wani babban mutum da aka rufe tun kafin a fara rubuta tarihin Katsina a takarda. Sunan ma kansa ya faɗi haka, don kuwa kusheyi jam'in kushewa ne, wato kabari.

Tarihin baka ya nuna cewa nan ne mazaunin Durɓawa, waɗanda suka fara riƙe sarautar ƙasar Katsina. Ana farawa ne da Kumayo, wanda labarin Bayajida ya ce ɗan Bawo ne, har a sauko kan Sanau, na ƙarshensu. Sanau ɗin nan shi ne aka ce Korau, mutumin 'Yanɗoto, ya kayar a wajen kokawa ya kashe shi, sarauta ta bar gidan Durɓawa. Masana tarihi suna sanya zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka sarkin Katsina na farko da ya yi mulki yana Musulmi. Har yau fadar Sarkin Katsina Gidan Korau ake ce da ita, sarautar Durɓi kuma tana nan cikin manyan sarautun masarautar. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya yi bayanin matsayin wannan yanki kafin birnin Katsina ya bunƙasa.

Wannan al'ada ta tara ƙasa a kan kabarin sarki ba ta tsaya a ƙasar Hausa kaɗai ba. Wani malami na Andalus mai suna Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a wajajen 1068, ya bayyana yadda ake rufe sarakunan tsohuwar daular Gana ta yamma da Tambutu. Ya ce akan yi wa mamacin rumfa ta itace, a kwantar da shi a ciki tare da kayan adonsa da makamansa da ƙoren cin abincinsa, sa'an nan jama'a su yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama tudu. A 1904 wani hafsan sojan Faransa mai suna Desplagnes ya tona irin wannan tudu a El Waladji, bakin kogin Kwara a cikin ƙasar Mali ta yanzu. Kun ga ke nan Durɓawa suna cikin wata faffaɗar al'ada ce ta sarakunan ƙasashen Sudan.

Tono na farko da na biyu

A 1907 aka fara taɓa kusheyin. Baturen mulkin Katsina na lokacin, Richmond Palmer, shi ya sa aka tona wasu daga ciki, da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda bai daɗe da hawa gadon sarauta ba, kuma shi kansa ya riƙe sarautar Durɓi kafin nan. An sami tukwane da kayan ƙarfe. To amma aikin na gaggawa ne, ba a rubuta filla-filla inda kowane abu yake kwance ba, kuma kayan da aka fitar sun salwanta. Abin da ya rage mana daga wannan tono ɗan taƙaitaccen bayani ne kawai. Mutanen da ke kwance a waɗannan tuddai an buɗe su, amma labarinsu ya tafi ke nan, domin kabari sau ɗaya ake tona shi. In an ɓata, an ɓata.

Bayan shekara 52, wato a 1959, Gwamnati ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, har da wasu kukoki masu tarihi da ke kusa da kusheyin. Wannan ya biyo bayan dokar kayan tarihi ta 1953, wadda aka yi shekara ɗaya bayan buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos.

Sai a 1992 aka sake tono, a ƙarƙashin wani shirin bincike na Jamusawa wanda Farfesa Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ya jagoranta. An buɗe tuddai 3. A tsakiyar kowanne aka tarar da mutum ɗaya tal, da kayan da aka rufe shi da su. Hikimar da aka yi a wannan karo ita ce ba a tsinci kayan ɗaya bayan ɗaya an zuba a buhu ba. An yanko ƙasar ne dunƙule guda, da abin da ke cikinta yadda yake, aka ɗauke. Waɗannan dunƙulen ƙasa sun yi shekara da shekaru a ajiye a gidan tarihi na Jos, har zuwa 2007, lokacin da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta haɗa gwiwa da wani babban gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus. Can aka kai su, ƙwararru suka zauna suna kankare ƙasar a hankali, suna aunawa suna rubutawa. An buga sakamakon aikin a 2011 da 2012 a ƙarƙashin jagorancin Detlef Gronenborn, daga baya kuma aka dawo da kayan gida Nijeriya.

Abin da ƙasa ta faɗa

To, me aka samu? An sami kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da kayan tagulla da na ƙarfe, da duwatsun ado na gilashi da na dutse, da wuri. An kuma sami ragowar tufafi da itace da fata, abubuwan da in da mai neman dukiya ne ya tona, ko kallonsu ba zai yi ba. Da yawan kayan aikin gida ne, na maƙera da masaƙa da dukawan wannan yanki. Wasu kuwa daga nesa suka zo. Wuri dai asalinsa Tekun Indiya ne. Akwai kuma tasa ta ƙarfe irin aikin ƙasashen Musulmi na Gabas, wadda sai da ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi kafin ta iso ƙasar Mani.

Masana suna da wani awo na kimiyya da suke yi wa gawayi ko itace ko ƙashi, su gane kimanin shekarun da suka shige tun mutuwar abin. Da wannan awo aka gane ɗaya daga cikin kaburburan na farkon ƙarni na 14 ne. Ta duban salon aikin kayan kuma aka sanya na baya a ƙarshen ƙarni na 15 zuwa farkon na 16. Wato ke nan an yi kimanin shekara 200 ana rufe manyan mutane a wannan wuri.

Jama'a, ku dubi girman wannan magana. Shekara 700 da suka wuce, akwai masu mulki a ƙasar Katsina da ke da ikon tara ɗaruruwan hannuwa su gina tudu, da dukiyar da za a rufe mutum da zinariya, da hanyar ciniki wadda ta kai har bakin Bahar Rum. Tarihin baka ya daɗe yana cewa Durɓawa sarakuna ne, amma mai gardama zai iya cewa tatsuniya ce. Ƙasa ta zo ta ba da shaida. Bugu da ƙari, kusheyin baya sun yi zamani ɗaya da lokacin da Musulunci ke kafuwa a fadar Katsina, abin da ke nuna canjin a hankali ya zo, tsohuwar al'ada da sabon addini sun yi zaman maƙwabtaka na wani lokaci. Mu da muke alfahari da fataucin kakanninmu zuwa Gwanja da Ikko, ga shaida nan cewa sana'ar ta girmi duk abin da muke tsammani.

Bambancin 1907 da 1992 shi ne darasin. Ƙasa ɗaya ce, kusheyi iri ɗaya. Na farko an ɗauki kaya an bar labari, har kayan ma suka ɓace. Na biyu an yi haƙuri an rubuta wane abu ke kusa da wane, a wane zurfi, shi ya sa yau muke iya faɗin shekaru da hanyoyin ciniki. Ɗan kunnen zinariya in ya fita daga kabarinsa ya shiga hannun maƙerin farfaru, nauyinsa kawai za a auna, a narke shi, shi ke nan. A wurin da aka ajiye shi kuwa, shafi guda ne na tarihinmu.

Ɓarnar da aka yi a wasu wurare

Durɓi ta Kusheyi ta yi sa'a, doka ta riga ɓarayi isa. Wasu wuraren ba su sami wannan sa'a ba. A shekarun 1990 aka yi wa tsofaffin wurare na Kwatarkwashi, kusa da Gusau, rubdugu. Dillalai suka riƙa ba talakawa 'yan kuɗi kaɗan suna tono mutum-mutumin yumɓu, ana fita da su Turai. Haka aka yi wa wuraren Nok a kudancin Kaduna. A Jamhuriyar Nijar kuma akwai maƙabartar Bura, wajen Tera, wadda aka gano a 1975, masanin nan Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983 ya sami ɗaruruwan tulunan binne mamata. Da aka baje kolin kayan a Faransa a farkon shekarun 1990, sai idon 'yan kasuwa ya buɗe, aka bi sauran maƙabartun yankin aka yi musu kaca-kaca.

Abin ya kai har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da wani jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, a ciki har da na Nok da Sakkwato da Katsina da Bura. A wannan shekara ce kuma aka ga kayan Nok guda 2 da na Sakkwato guda 1 a babban gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Ko da duk an dawo da irin waɗannan kaya gobe, ba wanda zai iya cewa daga wane rami suka fito, ko me ke kwance kusa da su. Wanda ya tona ya ci kuɗin cefanen mako ɗaya ko biyu, dillalin Turai ya ci miliyoyi, al'umma kuma ta tashi a tutar babu.

Mu dawo gida Kontagora

Wani zai ce, to ina ruwanmu, mu da muke Kontagora? Ai kuwa da ruwanmu ƙwarai. Garin nan Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa shi a 1864, bayan an ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859. Shekarunsa ba su kai 200 ba. Ƙasar kuwa ta daɗe da mutane: Kambari da Dukawa da Kamuku da sauransu suna nan tun zamanin da ba a rubuta ba. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun tashi garuruwa da dama, mutane suka hau duwatsu ko suka sake wuri, aka bar kufai da kaburbura a daji. Yawancin dajin nan shi ne ya zama gonakin masara da dawa da wake da muke nomawa a yau.

Akwai shaidar daɗewar mutane a wannan yanki. Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, masana sun yi rige-rige da ruwa, suka tona wasu tuddan tsofaffin garuruwa a bakin Kwara kafin tafki ya shanye su, kamar tudun Baha da wani kusa da Yelwa. Sun sami tukwane da kayan ƙarfe da mutum-mutumin yumɓu, wasu sun haura shekara 1,000. Abin da ba a kai ga tonawa ba yana ƙarƙashin ruwa tare da tsohon garin Busa. A arewa da mu kuma, maƙwabtanmu Dakarkari na ƙasar Zuru sun shahara da ɗora tukwane na musamman masu siffofi a kan kaburburan manyansu, kuma su ma waɗannan tukwane 'yan kasuwar kayan tarihi ba su bar su ba.

Yanzu mu tambayi kanmu, su wa ke taɓa ƙasa a yankin nan kullum? Manomi da garmar shanu ko tarakta, da mai tifa da ke neman jar ƙasa ta cikon hanya, da mai buga bulo, da matasan da suka bazama haƙar zinariya a dazuzzukan Jihar Neja. A kowane rukuni daga cikin waɗannan akwai namu da yawa. Mai tifa in ya ga tudu a fili murna yake yi, don ƙasa ce a tare ba sai an sha wahalar haƙa ba. Yini biyu sun isa a kwashe abin da ya shekara 500 a wurin, ba da mugunta ba, sai don rashin sani.

A nan ne maganar amana ta shigo. Da za mu ji labarin wani baƙo ya sami gona a ƙasar Mani ya sa tarakta ya baje kushewar Durɓi, ranmu zai ɓaci ƙwarai. To, haka ran Bakambare zai ɓaci in ya ga an nome kabarin kakansa. Mutanen ƙasar nan sun karɓi iyayenmu, sun ba su wurin zama da na noma, an yi auratayya, an zama ɗaya. Hausawa na cewa abin da ka shuka shi za ka girba. Ladabin da muke so a yi wa kusheyinmu na gida, shi ya kamata mu yi wa na masu masaukinmu.

Mun san akwai 'yan'uwa da ke ɗari-ɗari da wannan magana, suna ganin kamar kula da kaburburan mutanen da ba Musulmi ba ɗaukaka maguzanci ne. Ba wanda ya ce a je a yi yanka ko roƙo a wurin. Cewa aka yi kada a tone, kada a sayar. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa ɗan'adam yana da alfarma a raye da mace, kuma duban abin da mutanen da suka shuɗe suka bari hanya ce ta wa'azi. Ƙasar Baharain, ƙasar Musulmi ce, tana da dubban irin waɗannan tuddan kaburbura na mutanen Dilmun waɗanda suka riga Musulunci da shekaru fiye da 2,000, kuma ita da kanta ta nema har hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a 2019. Wannan bai rage musu kome a addininsu ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Da farko dai mu sani akwai doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma har yanzu ake aiki da ita, ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta hana cinikinsu barkatai, ta hana fita da su waje sai da takardar hukuma, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci irin wannan abu ya sanar. Duk dillalin da ya zo yana cigiyar tsofaffin tukwane ko mutum-mutumi yana jawo mutum ne cikin laifi, in ta ɓaci kuma shi ba za a gan shi ba.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu manoma, duk wanda zai karɓi sabuwar gona, aro ko saye, ya tambayi dattawan wurin ko akwai kufai ko maƙabarta a ciki, in akwai ya kewaye ta. Kadada guda ba ta tsiyata mutum don ya bar taku ashirin. In garma ta turo tukunya ko ƙasusuwa ko kashin maƙera mai yawa, a dakata, a mai da ƙasa, kada a fasa don neman zinariya. Mai waya ya ɗauki hoto yadda abin yake, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, shi ya kai wa hakimi, magana ta isa fadar Mai Martaba Sarkin Sudan, daga nan a sanar da gidan tarihi na ƙasa da ke Minna. 'Yan'uwanmu masu tifa da 'yan bulo, ku riƙa tambaya kafin ku sa shebur a tudun da ke tsaye shi kaɗai a fili, musamman in kun ga katangar tukwane a jikinsa.

Malaman makaranta da ɗalibanmu kuwa, ga aiki mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Ku zauna da tsofaffi, namu da na masu ƙasa, ku rubuta sunayen kufai da inda suke da waɗanda suka zauna a cikinsu. Da Durɓawa ba su bar labari a bakin mutane ba, da ba wanda zai san tuddan Mani na wane ne. Wanda kuma Allah Ya hore wa zuwa gida da iyali lokacin Salla ko hutu, ya ware yini guda ya kai yara gidan tarihi na Katsina, in da hali ya ƙarasa da su Mani su ga kusheyin da idonsu. Yaron da aka haifa a Kontagora yana da gida biyu, ya kamata ya san tarihin kowanne.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.